Malamin da Ke Neman Ƙullin Uwarsa

A kasuwar kifi ta tsibirin Cijin, a nan Taiwan, in ka tambayi kowace tsohuwa abin da ya sa ɗan gwaggona Kho Bun-Tiong ya haura hamsin bai yi aure ba, za ta rage murya ta ce maka ai yana da budurwa a Ingila. Wai budurwar ba mutum ba ce, tsohuwar kwamfuta ce mai girman ɗaki biyu da falo, nauyinta ya kai na jirgin fito. Wai duk shekara in zafi ya shigo sai ya kwashi ɗalibai ashirin a matsayin 'yan rakiya, su tafi zance. Wai an gan shi ƙiri-ƙiri ya durƙusa a gabanta, hancinsa manne da gilashi, har masu gadi suka ɗauke shi cak suka yi waje da shi yana kiran sunanta.

To ku kwantar da hankalinku, ƙarya ce. Na san ƙarya ce domin a shagona aka haife ta, ni na karɓi haihuwar, ina cikin canza wa matar mai ƙanƙara tayar babur. Ni ɗaki ɗaya na ce. Ɗayan da falon, 'yan kasuwa ne suka gina. Amma durƙuson gaskiya ne, hancin da gilashin ma gaskiya ne. Masu gadi kuwa sau biyu ne kacal, kada a zalunci bawan Allah.

Sunana A-Hai, ina gyaran babura a bakin mashigar jirgin fito. Karatuna ya tsaya a aji biyu na ƙaramar sakandare, ba don na gaji ba, malaman ne suka gaji. Tiong ya girme ni da shekara biyu, don haka A-hia nake ce masa, wato yaya, musamman in ina neman wani abu a wurinsa. Uwarsa yayar ubana ce, A-ko Giok, wato gwaggo Giok, wadda tuwon shinkafarta da miyar kifinta suka gina rabin jikin nan nawa.

A-hia malami ne a wata jami'a da ke tsallaken ruwa, cikin birnin Kaohsiung. Tarihin kwamfuta yake koyarwa. Ku lura da kyau, ba ƙerawa ba, ba gyarawa ba, tarihi. Akwai ranar da wayata ta mutu na miƙa masa, ya juya ta gaba da baya, ya ba ni labarin wani Bature da ya rasu shekara ɗari da hamsin da suka wuce, sannan ya mayar mini da abata a mace kamar yadda na ba shi. Ga shi dogo, siriri, kai ka ce sandar shanya ce aka sa wa tabarau. Idan iska ta taso daga teku sai mun riƙe masa riga.

Shekara goma sha huɗu ke nan yana kai ɗalibai ƙasashen waje kowane Yuli, su yi mako biyu suna zagaya gidajen tarihi suna kallon injunan da suka mutu tun kafin a haifi iyayensu. Ingila, Jamus, Amurka da sauransu, sai ya sake zagayowa. Yana tafe a gaba da 'yar tuta rawaya, jakarsa cike da maganin ciwon ciki da tukunyar dafa shinkafa, domin ya ce ɗan Taiwan in ya kwana uku kan burodi sai ya fara kuka ba dalili. Kullum sai wani ya yar da fasfo, kullum sai wasu biyu sun fara soyayya a jirgi sun rabu kafin a sauka. Duk shi ke ɗauka. Ɗaliban kuwa suna sonsa, don in ya tsaya gaban tulin ƙarfe mai tsatsa ya fara magana, sai ka rantse ƙarfen zai yi atishawa ya tashi.

Amma sun san abu ɗaya. A kowane gidan tarihi akwai lokacin da malaminsu zai yi shiru a tsakiyar magana, ya miƙa wa na kusa da shi tuta, ya zaro madubin ƙara girma daga cikin wani tsohon hankici, ya nufi wani lungu. Sun sa wa abin suna, minti goman Lau-su, wato malam. Wani lokaci minti goman yakan kai awa biyu.

Ga abin da yake nema.

A-ko Giok tana da shekara sha takwas aka buɗe wata masana'anta a bakin tashar jiragen ruwa, ana neman 'yan mata masu kaifin ido da laushin yatsa. 'Yan Cijin suka fi samun shiga, don yarinyar da ta tashi tana ɗinke komar kamun kifin ubanta ba a koya mata haƙuri. Aikin shi ne a ba ki wani ɗan allo kamar tafin hannu biyu, da zobba baƙaƙe ƙanana da ba su kai ƙwayar riɗi ba, dubbai. Sai ki yi ta zura zaren jan ƙarfe mai sirantar gashi ta cikin kowane zobe, a tsaye, a kwance, a karkace, har allon ya cika. Tabarma suke ce masa. Ba wanda ya gaya musu amfaninta. A sa a kwali, a loda a jirgi, shi ke nan. Idan an gama saƙa, akan naɗe wutsiyar zaren ƙarshe a wani ɗan ƙusa da ke kusurwa kafin a ɗiga dalma. Kowa naɗewa kawai take yi. A-ko, da yake bahaguwa ce kuma 'yar masunta, sai ta yi ƙullin koma, ta juya shi hagu. Shekara takwas tana yi, har aka daina sayen tabarmar aka rufe wurin. Ta fito da ido ɗaya da ke gani sosai, ɗayan kuwa hazo-hazo.

Ina nan a gidan ranar da A-hia ya dawo hutu daga jami'a, yana ɗan shekara ashirin. Na san ina nan domin lokacin cin abinci ne. Ya shigo da wani littafi kamar bulo, ko takalmi bai gama cirewa ba ya buɗe mata wani hoto.

"A-bu, kin san wannan?" Haka muke kiran uwa a nan.

Ta goge hannu, ta kawo shafin dab da idonta mai kyau. "Tabarma ce mana. Wa ya saƙa wannan? Hannunsa bai faɗa ba."

"A-bu, ƙwaƙwalwar kwamfuta ce. Da ita injin yake tuna abin da aka gaya masa. Kowane zobe abu ɗaya yake riƙewa, i ko a'a."

A-ko ta yi dariya har sai da ta dafa tebur. "Ni? Ni da ke neman silifas ɗina alhali yana ƙafata, ni na saƙa wa ƙarfe tunani? A-Hai, ka ji ɗan'uwanka, karatu ya fara taɓa shi."

"Tun yana goye na lura, A-ko," na ce, bakina cike da kifi.

Da dariyar ta lafa sai ta sake jawo littafin. Ta daɗe tana shafa hoton da babban yatsa. "To yanzu ina suke?"

Ya ce an daina amfani da su tun da daɗewa, an samo abin da ya fi su.

"Wato an zubar." Ta rufe littafin a hankali. "Shekara takwas. Ko guda ban riƙe ba, da a ce na sani da na ɓoye ɗaya a riga."

"Ba duka aka zubar ba," in ji shi. "Zan nemo miki ɗaya taki, in sa miki a hannu."

"Nemo mini suruka tukuna," ta ce, ta ƙara masa shinkafa.

Suruka dai har yau shiru. Ɗayan alkawarin kuwa shi ya zama rayuwarsa. A takardar da yake rubuta wa jami'a kowace shekara yakan ce yana so ɗalibai su ga tushen iliminsu da idonsu, kuma ba ƙarya yake yi ba. Sai dai duk inda aka ajiye tabarma a bayan gilashi, a nan zai durƙusa, yana leƙen kusurwa, yana neman ƙullin koma da ya juya hagu. Ya leƙa ɗaruruwa. Ya rubuta wa tsofaffin injiniyoyi wasiƙu da za su iya rufe rufin haikalin unguwarmu. Ya shiga rumbunan ajiya inda ɓera ma sai da toci yake yawo.

Duk ranar da ya dawo, daga filin jirgi Cijin yake wucewa, jaka a hannu. A-ko na jin takunsa a ƙofa sai ta buɗe tafin hannunta na hagu a kan gwiwa. Ba ta tambaya. Shi kuwa sai ya ɗora mata cakulan, ko ɗan kwalin shayi. Ta rufe hannun, ta ɗan jinjina nauyin abin, ta ce, "Ka ci abinci?" Ya ce, "Na ci." Sai ta ce, "Ƙarya kake, zauna." Sau goma sha uku na ga wannan da idona.

Bara idonta mai kyau ya bi ɗan'uwansa. Ciwon suga kuma ya fara cin yatsunta, daga ƙaramin zuwa sama. Likita ya tsikare su ɗaya bayan ɗaya da allura, ya ce biyu ne suka rage masu ji sosai, manuni da na tsakiya na hagu, kuma su ma ba ya ba su tabbacin shekara guda. A-hia ya fito daga asibitin ya zauna a shagona a kan tsohuwar taya, da wandonsa na malamai. Na ba shi shayi bai sha ba.

"Ko na samo bayan haka," ya ce, "me zan sa wa a hannu?"

A watan Maris wasiƙa ta zo daga Japan. Wani dattijo mai suna Tsuchiya, da ke kula da wani ɗan gidan tarihi a bayan wata kwaleji, ya aiko da hoto. Tabarma ce, da tambarin Kaohsiung a gefe, a kusurwarta kuma ga ƙulli, na koma, ya juya hagu. A-hia ya zo mini da hoton a guje. Dattijon ya ce ba a fitar da kayan daga gidan, ko aro. To tunda tabarma ba za ta zo ba, sai hannu ya je. Nan take ya karkatar da tafiyar ɗalibai ta bana zuwa Japan, ya ce dama akwai abin gani a can da yawa. A-ko za ta bi su, ana kuma bukatar ƙato mai tura keken guragu. Ka ji yadda aka yi na shiga jami'a ina da shekara arba'in da tara.

Kwana huɗu muka yi muna bin tuta rawaya. Na ga injin lissafi mai haƙora kamar na niƙa, na ga wani mai ƙwayayen fitila dubu da aka ce in an kunna shi sai unguwa ta yi duhu. A-ko ba ta ganin komai, amma ba ta bar kowa ya huta ba. Ta koya wa ɗalibai ashirin yadda ake gane kifin jiya da hanci. Ta raba aure biyu da ba a ɗaura ba. Kullum da safe sai ta murza yatsun nan biyu a kan bargo, ta ce, "Suna nan," kamar mai duba kaji.

Rana ta biyar da hantsi muka isa. Ɗaki ne guda dogo mai warin man inji. Dattijo Tsuchiya ya tarbe mu da ruku'u, A-ko ta miƙa masa ƙwan kifi busasshe na Cijin da ta ɓoye a ƙarƙashin bargonta tun daga gida. Ya kai mu gaban wani akwatin gilashi. Sannan ya kawo safar hannu fara, ya yi magana a hankali, A-hia ya fassara da murya ƙasa-ƙasa: an yarda ta taɓa, amma da safa. Doka ce, gumin hannu yana cin ƙarfe.

"Da safa?" in ji A-ko. "Ka ce masa ko fatata da ƙyar nake ji ta cikinta."

A-hia ya roƙa, ya sunkuya, ya sake sunkuyawa har na ji tsoron zai karye biyu. Dattijon ya sunkuya fiye da shi, amma bai janye safar ba. Da an bar su da har yanzu suna can suna gaisawa da ƙasa.

"A-Hai," ta ce, "akwai famfo a nan? Tura ni."

Akwai wani a lungu inda suke wanke kayan aiki. Ta naɗe hannun riga har sama da gwiwar hannu. Ta cire zoben aurenta ta ba ni. Ta wanke da sabulu tun daga farce har gwiwar hannu, ta ɗauraye, ta sake, ta sake, sau uku, tana bin ƙarƙashin kowane farce. Na miƙa mata tawul ta ture shi da kafaɗa.

"Kai jaki ne? Zare zai manne."

Sai ta ɗaga hannuwan biyu sama, yatsu a warwatse, ruwa na gangarowa, ta zauna haka tana jiran iska ta busar da su. Haka suke yi kowace safiya a masana'anta kafin a bar su su zauna.

Na waiga na ga dattijon ya tsaya cak, safar na lilo a hannunsa. Ya faɗi wani abu, ba da kowa yake ba. Daga baya A-hia ya gaya mini, dattijon cewa ya yi yayarsa ta yi irin wannan aikin tana budurwa, kuma har ta rasu haka take wanke hannu, ko lemo za ta ɓare. Ya cusa safar a aljihu. Ya ɗauko mabuɗi, ya ɗaga gilashin da kansa, ya ɗauko tabarmar a kan wani faranti ya ɗora mata a cinya.

Ɗalibai ashirin, ba wanda ya ɗaga waya. A-ko ta sauke yatsun nan biyu kamar mai taɓa fuskar jariri. Ta bi gefen allon, ta bi layin zobba, ta gangara kusurwa. Ta tsaya.

"Yi shiru, A-Hai."

"Ban ce komai ba, A-ko."

"Numfashinka."

Ta sa farce ta ɗan taɓa ƙullin, ta zagaya shi, ta sake komawa kan zaren. Sai ta yi wani ɗan tsaki mai kama da dariya.

"Ba tawa ba ce."

A-hia ya durƙusa a gefen keken. "A-bu, duba da kyau. Ƙullin koma ne, hagu ya juya, na gani da madubi."

"Na san hagu ya juya, ai ni na koya mata. A-Kiau ce. 'Yar banza, ji nan, sako-sako kamar igiyar wandon mashayi. Shekara shida ina ce mata ja, ja, ba ta ji."

"Ba ki taɓa gaya mini akwai wata mai yin sa ba."

"Ka taɓa tambaya?"

A-Kiau, in ji ta, 'yar manoma ce daga wajen duwatsu, ba ta taɓa riƙe koma ba. A damanta take zama. Kwanon abinci ɗaya suke ci, ita ta kawo kifi, A-Kiau ta kawo dankali. Ta ga ƙullin ya burge ta, ta nace sai an koya mata, kuma da yake daga bahaguwa ta koya, hagun ta iya. Da aka rufe masana'anta ta auri wani ma'aikacin jirgin ruwa suka koma Keelung, can arewa. Wasiƙa biyu, daga nan shiru, kusan shekara hamsin ke nan.

"Mun yi alkawari za mu zo Japan tare mu ga dusar ƙanƙara," ta ce. Yatsunta na nan a kan ƙullin, ba ta ɗaga ba. "Ashe kin riga ni zuwa, munafuka, ko ki faɗa."

Na kalli A-hia. Fuskarsa ta zama irin ta wanda ya iso mashiga da gudu ya tarar jirgin fito ya ɗaga da taku ɗaya. Wata ɗaliba mai koren gashi ce ta kira ta kaka, ta ce, "A-ma, yaya ake zura zaren bai tsinke ba?" Shi ke nan, A-ko ta karɓe lacca. Awa guda cur tana nuna musu da hannu a iska, yadda ake riƙe numfashi a zobe na ƙarshe, yadda in ka tsallake ɗaya sai ka warware aikin yini uku, yadda A-Kiau ke rera waƙa ƙasa-ƙasa don kada barci ya ɗauke su. Yaran suka yi ta rubutu. Dattijon ma ya ɗauko littafi. Tabarmar na kan cinyarta har aka gama.

Da azahar muka zauna a kan benci a ƙarƙashin wata bishiya muna cin shinkafar kwali. A-hia ya sa tasa a gefe.

"A-bu, ki yi haƙuri," ya ce. "Na ɗauko ki tun daga gida a banza."

"Wane banza? Ci abincinka." Ta tauna, ta haɗiye. "Kai da karatunka ba ka da lissafi. In aikin A-Kiau, da sako-sakonsa, ya kai shekara hamsin, nawa fa? Nawa yana can cikin wani inji yana aiki. Ai ba a kawo abu gidan tarihi sai ya gaji."

Shi ya san ba haka ba ne, ni ma da aji biyuna na san ba haka ba ne. Ba wanda ya gyara mata. Can sai barci ya ɗauke ta a keken, hannun hagun a dunƙule a ƙirjinta, ta ƙi yarda ko zoben in mayar mata.

A-hia ya zaro ɗan littafinsa. Na leƙa ta kafaɗarsa, don leƙe ba ya bukatar digiri. Ya rubuta A-Kiau, ya rubuta Keelung, ya ja layi biyu a ƙasa, yana ta kallon sunan. Na ga in na bar shi haka zai narke a kan bencin mutane, sai na zungure shi da gwiwar hannu.

"A-hia, gaskiya ka cika gwani. Ƙasa tara ka taka, ka tsufa a hanya, ka ƙare da samo uwar wasu. Yanzu kuma Keelung za ka shiga gida-gida kana tambayar tsofaffi wace ce ba ta iya ɗaure zare ba? In ka gama ka taimaka ka nemo mini tawa budurwar ta firamare."

Bai ko ɗago kai ba. Ya rufe littafin, ya gyara wa uwarsa bargo.

"Ni ƙasa tara na taka ina neman hannun uwata," ya ce. "Kai uwarka tana saman shagonka, matakala goma sha biyu. Yaushe rabonka da ka hau?"